Kwabon da Ammi Ta Ɗaura Mini

Argos, ƙasar Girka
Nuwamba, 1996

Zuwa ga Resham Jan, 'yar Baffa Sher Zaman, Dhok Talla, hanyar Khanpur, Taxila.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida yaranki da ban taɓa gani ba, ina kuma yi miki ta'aziyyar maigidanki, duk da ta makara. Ba wanda ya gaya mini. Allah ya ji ƙansa. Ni ina nan lafiya irin ta mai hawa tsani: gwiwa na ƙara, baya na ƙorafi, amma ana tashi.

Da na ga ambulan da rubutun hannun da ban sani ba, na ɗauka Ammi ce ta rasu. Na cusa shi a aljihu, sai da na gama cika akwatunan lemon ranar sannan na iya buɗewa. Shekara bakwai liman ne ke rubuta mini wasiƙar gida, kuma kullum abu ɗaya ne: kowa lafiya, an yi ruwa, saniyar wane ta haihu. Kakana da kakanki wa da ƙane ne, amma ko kamanninki na manta. Sai ga ki da takarda gaba da baya.

Kin ce tun da kika dawo ƙauye kika tare a ɗakin da ke jikin na Ammi, kin lura gadonta jingine yake da bango, a ƙasa take shimfiɗa. Kin ce da kika matsa mata sai ta faɗa miki bakance ta yi ranar da na tafi: ba za ta sake kwanciya a gado ba sai ta ji na sauka lafiya, na kwance kwabon da ta ɗaura mini a damtse, na bayar da shi sadaka. Kin ce likita ya saurari ƙirjinta, ya ce in sanyin bana ya same ta a ƙasa, ba shi da abin da zai iya yi mata. Sannan kika tambaye ni, kamar mai tuhumar yaro, ko na manta al'ada.

Ban manta ba. Kwabon yana damtsena na dama yanzu haka da nake rubutu. Koren ƙyallen da ta ɗinke shi ciki ya ruɓe tun a Turkiyya, na yi ta sake masa riga da hannun tsofaffin riguna. Amma wallahi ban san da bakancen nan ba. Da na sani da ban iya haɗiye abinci ba.

Al'ada ta ce matafiyi ya bayar in ya sauka. To ki gaya mini, a ina na sauka? A Quetta muna kwance bayan buhuna a cikin babbar mota. A Istanbul muna ɓoye a ƙarƙashin wani bene. Nan kuma ba ni da takardar zama. A ɗakin ajiyar taki muke kwana, in motar 'yan sanda ta wuce kowa ya shige cikin itatuwa. Mutumin da ke kwana da takalminsa kusa da kansa bai sauka ba.

Sannan kin san ko wane kwabo ne? Ba na gwamnati ba ne. Na tagullar nan ne na mutanen da, wanda garmar Abba ta tono a gonar tudu, kusa da ganuwar kufai. Ya yi kore shar, sa a fuska ɗaya, zaki a ɗayar. Wane mabaraci ne zai sayi gurasa da shi?

Gonar tudu, wadda yanzu yayanki Dilawar ke tsinkar lemonta. Ni kuwa na ratsa ƙasashe don in zo in tsinki lemon wani. Na san ba ke kika ja igiyar awo ba ranar rabon gado, kina yarinya lokacin. Amma gidanku ne ya karɓe gonar, yanzu kuma gidanku ne ya aiko a raba ni da ɗan abin da ya rage mini daga cikinta.

Ki ce mata na bayar. Ki ce tuni na bayar, mantawa na yi ban faɗa ba. Zunubin ƙaryar a wuyana.

Meharban


Dhok Talla
ƙarshen Nuwamba

Lala Meharban, yayana,

Wa alaikumus salam. Mun gode da ta'aziyya. Yara suna gaida kawunsu, ƙaramar tana tambaya ko lemon can ya kai namu ja. Sanyi ya fara shigowa, da safe raɓa kan daskare a kan ciyawa. Jikin Ammi yau da sauƙi, gobe babu.

Na zauna kusa da shimfiɗarta na karanta mata wasiƙarka, ina tsallake abin da ya kamata a tsallake. Da na gama ta dube ni ta ce, "Takardar nan gaba da baya ce, ke kuwa kin gama shayina bai huce ba. Koma ki karanta mini inda ya yi zagi, a nan zan gane ɗana ne."

Na ce babu zagi. Sai na yi abin da ka sa ni, Allah ya yafe mana mu biyu. Na ce ka bayar tuni.

Ta ce, "Wa ya ba?"

Na ce wani miskini.

"Namiji ko mace?"

Na ce namiji.

"Me ya ce da ya karɓa?"

Na ce ya yi godiya.

Ta juya kofinta. Can ta ce, "Meharban da in zai ba ki labarin akuya sai ya faro daga kakarta, shi ne zai bayar da kwabon ubansa a layi ɗaya? Miƙo mini bargona, 'yar nan. Ba ki iya ƙarya ba, kada ki ƙara, ba ta yi miki kyau."

To ka ji. Ta ce sai ta ji sunan wanda ya karɓa, da inda aka yi, da abin da ya faɗa, kuma da bakinka.

Na gwada duk dabarar da na sani. Na zuba karan alkama ƙarƙashin tabarmarta, ta kwashe ta kai wa saniya. Na jera mata katifa biyu, ta ce wannan gado ne aka cire masa ƙafa. Daɓen ɗakin nan ka san shi, damshi yake tsotsa daga rafi. In ta fara tari sai na ji ta bango kamar ana sarar itace.

Layin da ka rubuta a kan gidanmu ban karanta mata ba, amma ni na karanta. Lala, ni mace ce da aka maido gida da yara biyu da akwati ɗaya. Ko itacen lemo guda ban samu a gonar tudu ba. Ni ke dafa wa mahaifiyarka ruwan alwala, ni ke shafa mata man mustad a ƙirji, kuma ba wanda ya aiko ni. Ban zo raba ka da komai ba. Tsohuwa nake so ta kwana a kan gado.

Dilawar ya aiko mata da kwandon lemo. Ba ta taɓa ko ɗaya ba, amma ta ɓare wa yarana.

Ƙanwarka,
Resham


Dhok Talla
ƙarshen Disamba

Lala,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, tunda kai ba ka ga damar faɗa mana ba. Kullum ina aika yaro wajen mai kawo wasiƙu, kullum ya dawo hannu sake. In maganata ce ta ɓata maka rai, ka yi fushi da ni, amma ka rubuta.

Zazzaɓi ya kama Ammi, mun kai ta asibiti a Taxila. An ba ta gado mai farin zane, ta jira ma'aikaciyar ta fita, ta sauko ta kwanta a kan siminti kusa da ƙafar gadon. Aka maida ta, ta sake saukowa. Ma'aikaciyar ta zage ni a gaban mutane, wai wace irin 'ya ce ni. Ban ce mata ni ba 'yarta ba ce. Likita ya gaji ya sallame mu da magani.

Ba ta tambayar ko ka rubuto. In mai wasiƙu ya wuce da kekensa takan daina tari ta saurara, shi ke nan.

Resham


Argos
Janairu, 1997

Resham, ƙanwata,

Salamu alaikum. Wasiƙunki biyu tare na same su. Ba fushi na yi ba. An yi ta kame a gonakin nan, sai mai gona ya kwashe mu ya kai mu kan dutse tsinkar zaitun, inda ba hanya ba akwatin wasiƙa. Yaya ƙirjin Ammi? Labarin simintin asibitin nan ya hana ni sakat.

Na gwada, Resham. Ki saurara.

Ran Lahadi na shiga gari. Akwai wani gurgu da ke zama a ƙofar coci da gwangwani. Na raɓe bayan wata mota, na warware ɗinkin da haƙori, na zo na jefa masa kwabon. Ya ɗauka, ya juya shi, ya kai shi kusa da ido. Sai ya dube ni ya ce, "Ina ka tono wannan?" Kafin in buɗe baki ya wurgo mini shi a ƙafa, yana ihu wai shi ba ya son kurkuku. Mata suka fara juyowa. Na sunkuya na ɗauka, ban tsaya ba sai bayan gari.

Da na ba Karam Dad labari, shi ne babba a ɗakinmu, mutumin Gujrat, sai ya dafe kai. Ya ce, "Kai jaki ne? A ƙasar nan ko a gonarka ka tono tsohon tulu, na gwamnati ne. Ga ka baƙo, ba takarda, a garin da kowane tudu kabarin sarki ne, riƙe da tsohon kuɗi mai rubutunsu. Sai ka ce wa ɗan sanda daga Taxila ka zo da shi? Ni da na san ka ma da ƙyar na yarda."

Gaskiyarsa. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, ranar da na fara ganin allon hanya a ƙasar nan gabana ya faɗi. Haruffan da ke zagaye da hoton sa a jikin kwabon ne, mai kusurwa uku da mai kama da ƙofar masallaci, waɗanda nake bi da farce ina yaro in Abba ya buɗe gwangwanin da yake ajiye shi. Na ɗauka gajiya ce ke nuna mini. Wani ma'aikacin gidan tarihi ya taɓa ce wa Abba wai sarkin makiyaya ne daga arewa, ya ci ƙasarmu ya tarar da Girkawan da suka rage tun zamanin sarkin yaƙinsu Sikandar suna buga kuɗi da rubutunsu, sai ya bar su a kan aikinsu, sunansa kawai ya sa. Abba dariya ya yi. Ni ma da dariya nake yi.

A bakin gonar nan akwai wata tsohuwa mai baƙaƙen kaya, Kiriya Stamatiya. Kiriya a wajensu kamar uwargida ne. Mijinta ya mutu, ɗanta ɗaya yana Australiya. Nakan faskara mata itace, takan ba ni ƙwai. Na ce bari in kai mata ko za ta karanta mini abin da na yi shekaru ina ɗauke da shi.

Ta sa tabaran mijinta, ta juya kwabon a hankali tana haɗa haruffa. "Na sarkin sarakuna... mai girma... Azu." Ta ɗago. "Wane ne Azu? Ba mu da wani Azu. Amma rubutun namu ne. Ina ka sato?"

Na ce, "Daga gonar ubana."

"Au, ubanka a Argos yake noma?"

Sai ta sa farce tana kankarar bayan san, wai tsatsa ce ta taru a wurin, bari ta kawo toka da lemun tsami ta goge. Na riƙe hannunta. Na ce, "Kiriya, ba tsatsa ba ce, tozo ne." Ban san sunan tozo da yarensu ba, ina jin ma ba su da shi. Na ɗauki tsinke na zana mata sanmu a ƙasa, da tozonsa da laɓɓan wuyansa. Na ce duk shanun garinmu haka suke. Ta ce ita tun tana yarinya take tatsar saniya, ba ta taɓa ganin mai ƙusumbi ba. Ta dubi zanen, ta dubi kwabon, ta juya bayansa inda zakin yake da wancan rubutun mai kama da tsutsotsi. Ta ce wannan fa? Na ce namu ne, amma ni ma ban iya ba.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Rubutu namu, sa naku. Ashe mutanenmu ma sun taɓa zuwa garinku tsinkar lemo."

Na yi dariyar da na daɗe ban yi ba. Kuma dariyar ce ta ja ni na yi wauta. Na ce, "Kiriya, ki riƙe. Sadaka ce, a al'adarmu miskini ake ba."

Resham, fuskarta rufewa ta yi. Ta ce, "Miskini? Na binne miji, na rayu a lokacin yunwa, ban taɓa miƙa wa mutum hannu ba. Kai da ke kwana da taki ne za ka yi mini sadaka?" Ta ajiye kwabon a kan katanga, ta shige ta ja ƙofa. Ba ta ƙara yi mini magana ba. Ban ga laifinta ba.

Layin nan da na rubuta a kan gidanku, ba ke ya dace da shi ba. Ko Dilawar ma, ba sata ya yi ba, rabo ne aka yi a gaban dattawa, ya fi ni bakin magana ya samu. Abin da ya tsaya mini shi ne ranar da zan tafi yana cikin gonar, ya gan ni da jaka, bai ɗago ba. Ke kuwa kina yi wa uwata abin da ni ya kamata in yi. Allah ya biya ki.

Zan ci gaba da nema. Amma ki tambayar mini Ammi abu ɗaya. Ranar da zan tafi akwai kwabon gwamnati a gidan, na gan shi a kan kantar ɗaki. Me ya sa ta ɗaura mini wanda ba mai karɓa?

Meharban


Dhok Talla
ƙarshen Janairu

Lala,

Wa alaikumus salam. Barkanmu da azumi. Na gode da abin da ka ce a kaina, ya wuce. Likita ya hana Ammi azumi, kuma a wannan ta ji magana, don ba ta da ƙarfin musu. Ta rame. Da ƙyar take shan romo.

Wannan karon ban tsallake komai ba. Da na zo wajen tozon ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, na ruga na kawo ruwa. Ta ce, "Matar da ta tsufa ba ta ga tozo ba, me ta gani a duniya?" Amma da na zo wajen sadakar ta ce ka ci mutuncin baiwar Allah, ka je ka ba ta haƙuri, kada ka je hannu sake.

Sannan na yi mata tambayarka. Ta juya fuska bango, na ɗauka barci ta yi. Ina tattara kofuna sai na ji ta ce, "Na san ba mai karɓa. Shi ya sa."

Na zauna.

Ta ce, "Ɗan Gulab Jan, uwarsa ta ɗaura masa sabon kwabo. Tun a Karachi ya miƙa wa wani makaho. Ya sauka Dubai, ya yi gida, ya yi mata, yau uwarsa ko a hoto ba ta gane shi. Na ce nawa ba zai sauka ba. Zan ɗaura masa wanda zai yi ta yawo da shi. Muddin yana damtsensa a kan hanya yake, in hanya ta gajiyar da shi zai juyo."

Na ce, to Ammi, bakancen fa, na mene ne?

Ta ce, "Ɗana yana kan hanya, ni ina kan gado?"

Sai ta kama hannuna ta ce kada in rubuta maka wannan. Ga shi na rubuta.

Lala, yanzu ban san me zan roƙe ka ba. Na san ba ka iya zuwa, in ka fito ba ka komawa, kuma da abin da kake aikowa ake sayen maganinta. In ka bayar za ta hau gado, don ba ta wasa da alkawarin Allah, amma za ta san ka sauka. In ba ka bayar ba, ruwan saman lokacin sanyi bai ƙare ba, jiya ma an wuni ana yi, tabarmarta da na ɗaga da safe ƙasanta jiƙe yake. Ni dai na fi son ta yi kuka a kan gado. Amma uwarka ce.

Resham


Argos
Fabrairu

Resham,

Salamu alaikum, barka da salla. Mu mun yi idinmu a tsakanin itatuwa, Karam Dad ne liman, ya manta rabin kabbarorin. Yaya jikin Ammi? Yaya yara?

Wasiƙarki ta kwantar da ni fiye da zazzaɓi. Na yi kwanaki ina hawa tsani ina saukowa ban san abin da nake tsinka ba. Na sayi sukari da gahawa don in kai wa Kiriya kamar yadda Ammi ta ce, na ajiye ƙarƙashin filo na kasa zuwa. Ashe itacenta ya ƙare, ta tare Karam Dad a hanya tana faɗa, wai ina baƙon nan mai girman kai. Shi kuwa bakinsa ba ya riƙe komai. Ya zayyana mata duka, har simintin asibiti.

Kashegarin salla da rana ana yayyafi, muna ɗaki muna cin gurasa, sai ga ta da sandarta. Ba ta yi sallama ba. Ta zo bakin ƙofa, ta jingine sandar, ta durƙusa da ƙyar ta zauna a cikin laka da baƙaƙen kayanta. Ta miƙo tafin hannu kamar yadda gurgun coci ke yi. Duk ɗakin aka daina tauna.

Ta ce, "Ni miskiniya ce. Mijina yana ƙasa, ɗana yana Australiya, murhuna ba wuta. Ba ni."

Na ce, "Kiriya, don Allah ki tashi."

"Ba zan tashi ba. Uwarka a ƙasa take, ni ma ga ni. Za ka kashe tsofaffi biyu ke nan."

Na tsuguna gabanta. Da guntun yarensu da na iya na gaya mata abin da Karam Dad bai sani ba, cewa in na bayar, uwata za ta san na sauka a nan.

Ta ce, "Ta sani tuntuni. Duk mun sani. Kana tsammani fitilar da nake kunna wa ɗana kullum, don ban sani ba ne? Ka bar matar nan ta yi barci."

Hannunta yana nan a miƙe, ruwa na taruwa a cikin tafin. Na naɗe hannun riga. Ƙullin ya ƙi, Karam Dad ya miƙo almakashin tsinkar lemo.

Resham, daga nan ki karanta mata duka, a hankali.

Ammi, Meharban ne. Na bayar. Sunanta Stamatiya, matar marigayi Lefteris, a ƙofar ɗakinmu aka yi, a gaban mutum bakwai. Da na sa mata a hannu ta sumbaci san, ta yi alamar addininsu a ƙirji, ta ce, "Allah ya ba uwarka barci mai daɗi." Sannan ta ce, "Yanzu ɗaga ni, jaki, gwiwata ta riƙe. Ka biyo ni da gatari." Ta ce za ta ajiye shi kusa da hoton ɗanta, ba ɗan sandan da ke binciken tsohuwa.

Na sauka, Ammi. Ba wuri mai daɗi ba ne, amma akwai wanda ya fi shi muni, na gani a hanya. Ina da abokai, ina da aiki, akwai mai zagina in na makara da itace. Ba zan ce miki bana zan zo ba, kin fi kowa gane ƙarya. Ana ta cewa za a ba mu takardu. An daɗe ana cewa.

Dabararki ta yi aiki shekara bakwai, ban taɓa sayen ko kujera a ƙasar nan ba. Ya isa haka. Inda kwabon yake a damtsena fatar ta yi fari, in iska ta taɓa wurin sai in ji kamar ban sa riga ba. Ki hau gado, Ammi. Ni na roƙe ki.

Ɗanki,
Meharban


Dhok Talla
Maris

Lala,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya, kuma wannan karon da gaske nake.

Na karanta mata, ta sa na sake. Na ninke takardar. Sannan ta ce, "Kirista ce?" Na ce e. "A cikin laka ta zauna?" Na ce haka ya rubuta. Ta ce, "To ta karɓu. Sauko da gadon."

Da muka sauko da shi igiyar da aka saƙa shi da ita duk ta saki, in ka danna sai ta taɓa ƙasa. Ba namiji a kusa, dole na kira Dilawar. Ya zo da sabuwar igiya, ya cire takalmi ya shiga, bai iya kallonta ba. Yana ɗaurewa tana zaune tana kallonsa, har ta ce, "Ja da kyau, Dilawar, ai ka iya jan igiya." Kunnuwansa suka yi ja, amma bai tafi ba sai da ya gama, ya ɗauke ta cak ya ɗora ta a kai. Ta juya fuska bango. Na ga kafaɗunta na motsi, sai na ja shi muka fita.

Da safe ta ce gadon ya yi tsayi, ba ta runtsa ba. Ƙarya take yi, ta bango na ji minsharinta. Tarin ya fara sauƙi, jiya ta ci rabin gurasar masara.

Abin da za ka ji yana da nauyi a cikin ambulan ɗin nan, ita ta ɗinka da hannunta, ta ƙi yarda in sa mata zare a allura. Ta ce in rubuta maka haka, kada in gyara:

"Meharban, na hau. Ka gaida matar nan, ka ce na gode, ka ce mata tozo ya fi ko'ina daɗi a jikin sa. Wannan na dawowa ne. Kwabon gwamnati ne, sabo, kowane mabaraci a tashar Taxila zai karɓa da gudu. Kada ka ɗaura sai ranar da ka tashi. Ba na hanzarta ka. A kan gado zan jira."

Ƙanwarka,
Resham